Yadda Ake Ɗibar Ɗigon Jini a Gida Domin Auna Yawan Magani a Jiki

Akwai magungunan da ba a barin mai shansu a kan ƙiyasi. Idan suka yi kaɗan a jini ba sa aikin da aka ba su, idan suka ɗan haura sai su koma cutarwa, kuma tazarar da ke tsakani ƙarama ce ƙwarai. Wanda aka yi wa dashen ƙoda ko na hanta ya san takrolimus da siklosporin da sirolimus, magungunan da ke hana jiki yaƙar gaɓar da aka dasa. Mai farfaɗiya ya san karbamazefin da fenitoyin da balfurowet. Mutum biyu masu nauyi ɗaya za su sha ƙwaya iri ɗaya a lokaci ɗaya, a auna jininsu a tarar na wannan ya ninka na wancan, domin hantar kowa da irin saurin da take sarrafa magani, hanjin kowa da irin yadda yake tsotsa. Dalilin da ya sa likita yake yawan cewa a dawo a ɗebi jini ke nan.

Ban san nauyin wannan magana ba sai bayan da aka yi wa ƙanena dashen ƙoda. A yi sammako, ba a sha maganin safe ba, a bi layi ido na kan agogo, ga jijiyoyin hannu sun gaji da allura har sun fara ɓuya. Da asibitin da ke kula da shi ya ba mu kayan ɗibar jini a gida, na zaci huda yatsa ne zai ba mu wahala. Ashe shi ne mafi sauƙi. Abin da ke lalata gwajin ko ya gyara shi yana faruwa ne kafin hudar da kuma bayanta: ƙarfe nawa aka ɗiba, mene ne hannun ya taɓa, yaya jinin ya bushe, kuma me aka rubuta a takarda.

Mene ne waɗannan kayan?

Dabarar busar da jini a kan takarda ba sabuwa ba ce. A farkon shekarun 1960 wani likita a Amurka, Robert Guthrie, ya yaɗa hanyar huda diddigen jariri a ɗiga jinin a kan takarda mai tsotsa domin gano cutar gado da ake kira fenilketonuriya, kuma har yau ana yi. Katin Whatman 903 mai da'irori biyar jikan wannan aikin ne.

Sai dai gano ko cuta tana nan daban, auna yawan magani daidai wa daida daban. Jini mai kauri, wato mai yawan jajayen ƙwayoyi, ba ya bazuwa sosai a takarda. Jinin mai ƙarancin jini kuwa tsinkakke ne, yana malala ya yi faɗi. Idan ɗakin gwaji ya yanki ƙaramin da'ira mai girma ɗaya daga katin mutum biyu, jinin da ke cikin yankan ba ɗaya ba ne, sakamako sai ya karkata. Masu dashe da yawa suna fama da ƙarancin jini a watannin farko, don haka matsalar ta fi shafarsu.

Wannan ne ya haifar da kayan da ke auna yawan jinin da suke ɗauka da kansu. Mitra, wadda ta fito a 2014, ɗan sanda ne na roba mai farin kai kamar soso, kan yana shan mikrolita 10 ko 20 ko 30 gwargwadon girmansa, komai kaurin jinin. Capitainer, daga ƙasar Suwidin, kati ne mai siririyar hanya a ciki wadda ke auna mikrolita 10 ta sauke shi a kan ƙaramin faifan takarda. hemaPEN tana kama da alƙalami, tana da siraran bututu huɗu da ke cika daga ɗigo guda. Tasso kuma ba ta yatsa ba ce, ana manna ta a damtse ta ja jinin da kanta. Mikrolita kashi ɗaya ne cikin dubu na mililita. Kwalbar da ake cikawa daga jijiya takan ɗauki wajen mililita 4, wato ninki 200 na kan Mitra mai mikrolita 20.

A fahimci abu ɗaya tun yanzu: waɗannan ba kamar na'urar auna sukari ba ne, wadda ke nuna lamba nan take. Ba sa auna yawan magani a gida. Aikinsu su kama jinin su adana shi har ya isa ɗakin gwaji, inda za a jiƙa shi a fitar da maganin a auna da babbar na'ura mai rarrabe sinadarai ta nauyinsu. Sakamako sai bayan kwanaki.

Kafin ka fara, ka daidaita da asibitinka

Kada ka sayo kayan da kanka ka aika da jini inda ba a san da zuwansa ba. Kowane ɗakin gwaji sai ya gwada hanyarsa a kan takamaiman magani da takamaiman na'ura kafin a amince da lambarsa, kuma wanda ya iya auna takrolimus daga Mitra ba lallai ya iya daga kati ba. Ka tambayi likita ko ma'aikaciyar jinya: wane magani za a auna, a wane lokaci, kawuna ko da'irori nawa za a cika, ta wace hanya za a aika, kwana nawa sakamako ke ɗauka, kuma wa za a kira idan ya makara.

Ka nemi a koya maka da hannu, ka yi na farko a gabansu. A ganina wannan ba abin tsallakewa ba ne ko da ka kalli bidiyo sau goma. Asibitoci da yawa sukan ɗebi na jijiya da na yatsa a zama ɗaya a karon farko domin a ga ko sun yi daidai a jikinka. Idan kana shan maganin tsinka jini, ko yatsunka ba sa samun jini sosai, ko hannunka na rawa, wanda takrolimus kansa yana jawowa, ka faɗa tun a nan a duba ko na damtse zai fi maka, ko wani a gida ya koyi yi maka.

Mataki na farko: lokaci

Nan zan daɗe, domin nan ne gwajin yake rayuwa ko ya mutu.

Yawan magani a jini ba tsaye yake ba. Bayan ka sha yana hawa, ya kai ƙololuwa, sannan ya riƙa sauka har lokacin sha na gaba. Takrolimus na yau da kullum yakan kai ƙololuwarsa cikin awa 1 zuwa 3 bayan sha. Abin da likitoci suka fi nema shi ne ma'auni mafi ƙasa, wato jinin da aka ɗiba dab da shan magani na gaba. Dukan lambobin da suke kwatanta sakamakonka da su a kan wannan lokacin aka gina su.

Idan kana sha sau biyu a rana, ka sha na dare ƙarfe 8, to ɗibar jini ƙarfe 8 na safe ne, awa 12 cif, kafin ƙwayar safe ta shiga bakinka. Idan naka irin mai sakin kansa a hankali ne da ake sha sau ɗaya a rana, awa 24 ne. Asibiti zai gaya maka mintuna nawa aka yarda ka yi gaba ko baya. Akwai lokutan da likita ke neman wani lokaci daban, misali a siklosporin wasu suna auna awa 2 bayan sha, ko a ce ka ɗiba sau uku ko huɗu a rana ɗaya domin a ga yadda maganin ke hawa da sauka. Idan haka ne, abin da aka rubuta maka za ka bi.

Ga abin da ke faruwa idan aka saɓa. Ka manta ka sha maganin safe, bayan awa ɗaya ka tuna ka huda yatsa. Lambar za ta fito sama sosai. Likitan da bai san abin da ya faru ba zai ɗauka maganin ya yi maka yawa, ya rage, alhali asalin ma'auninka daidai yake. Ragin nan zai iya buɗe ƙofar da jiki zai fara yaƙar ƙodar da aka dasa, ko farfaɗiya ta dawo. Idan ka riga ka sha, ka bar gwajin sai gobe, ka sanar da asibiti. Haka nan idan ka tsallake na daren jiya ko ka sha shi da jinkiri mai yawa.

Idan an sauya maka yawan magani kwanan nan, jini yana bukatar kwanaki kafin ya zauna a sabon matsayinsa. Tsawon kwanakin ya danganta da maganin, likita ne zai sa ranar. Kada ka gaggauta don son ganin sakamako.

Abin da muke yi a gida shi ne saita ƙararrawa biyu a waya tun jajibiri: ɗaya ta maganin dare, ɗaya minti 20 kafin lokacin ɗiba. Sannan mu ɗauke akwatin magani daga inda ya saba zama mu ajiye kayan gwajin a gurbinsa, domin hannu da ya saba yakan riga tunani.

Mataki na biyu: shirya wuri

Tebur mai tsabta, busasshe, wuri mai haske. Ka jera na'urar a cikin ledarta, tsinken huda guda biyu ko da na farko bai ba da jini ba, auduga ko gos, filasta, takardar cikewa, biro, ledar ajiya mai ƙunshin tsotse danshi, da ambulan. Ka duba ranar ƙarewar wa'adi. Idan ledar na'urar ta huje ko ƙunshin tsotse danshin ya sauya launi zuwa wanda takardar ta ce alamar jiƙewa ce, ka ɗauki wata. Kada teburin ya zama wanda ake ɓare magani ko raba ƙwaya a kai.

Mataki na uku: hannu

Ka wanke hannu da sabulu da ruwan ɗumi, ka cuɗa sosai har tsakanin yatsu, ka bar ruwan ɗumin ya ɗan jima a kansu, sannan ka goge da tawul mai tsabta su bushe ƙarau. Ɗumin yana buɗe ƙananan hanyoyin jini. Yatsa mai sanyi ba ya ba da jini, daga nan mutum ya fara matsa da ƙarfi, daga nan gwaji ya lalace.

Wankin yana da wani dalili da ya fi wannan girma, kuma mun koye shi da tsada. Wata safiya ƙanena ya zauna yana jera magungunan mako a akwatinsu yana jiran lokaci ya cika, ya gama ya goge yatsa da audugar sifirit kawai ya huda. Bayan kwana uku aka kira a waya, muryar ma'aikaciyar jinya ba yadda muka saba ji ba. "Malam, kana rawar hannu? Fitsari ya ragu? Ka taho yau a sake ɗiba ta jijiya." Muka tafi hankali a tashe. Na jijiya ya fito daidai. Da aka bi diddigi, garin maganin da ya manne a yatsansa ne ya shiga ɗigon.

Lissafin zai nuna maka dalili. Ana auna takrolimus da nanogiram a kowace mililita. Idan ma'auninka 8 ne, duk maganin da ke cikin mikrolita 20 na jininka nanogiram 0.16 ne kacal. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 1 kuwa tana ɗauke da nanogiram miliyan ɗaya. Ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta ninka sakamakon sau da yawa. Don haka ranar gwaji ba a taɓa ƙwaya, ba a taɓa kwalbar maganin ruwa ko sirinjin ba wa yaro, sai an gama an rufe. Wanda zai taimaka maka shi ma ya wanke nasa. Mai shafa man takrolimus na fata ya gaya wa asibiti tun farko. Kada a shafa kowane irin mai bayan wankin.

Idan kayanka sun zo da audugar sifirit, ka goge yatsan ka jira ya bushe da kansa gaba ɗaya. Sauran sifirit yana sa ɗigo ya baje maimakon ya taru, yana kuma ƙara zafi. Kada ka hura masa iska da baki.

Kafin huda, ka miƙe ka saki hannun ƙasa da ƙugu na kusan minti ɗaya, ka ɗan karkaɗa shi. Sannan ka zauna. Mai jin jiri idan ya ga jini ya yi a zaune, wani na kusa.

Mataki na huɗu: huda

Yatsan tsakiya ko na zobe, a hannun da ba ka fi aiki da shi ba. Babban yatsa da manuni fatarsu ta fi kauri kuma sun fi jin zafi, ƙaramin yatsa kuwa namansa kaɗan ne, ƙashi na kusa. A gefen tsokar yatsan ake hudawa, ba a tsakiyarta ba, ba kuma dab da farce ba.

Tsinken irin na amfani sau ɗaya ne, allurarsa takan shiga kimanin milimita 2 a babban mutum ta koma ciki da kanta. Ka murɗe murfin, ka dafa bayan hannun a kan tebur, ka danna tsinken da ƙarfi a fata kafin ka latsa. Mafi yawan masu farawa tsoro ne ke sa su ɗora shi sama-sama, sai huda ta yi rabi, jini ya ƙi zuwa, a sake ta biyu. Guda ɗaya mai kyau ta fi sauƙi. Yara suna da nasu tsinken gajere, jarirai kuma a diddige ake yi musu, wannan a bar wa ma'aikatan lafiya sai idan sun koya maka.

Ka share ɗigon farko da busasshiyar auduga, domin yakan haɗu da ruwan nama da ragowar abin da ke kan fata. Sai ka juya yatsan ƙasa, ka riƙa shafowa a hankali daga tafin hannu zuwa gindin yatsan, ka matsa kaɗan ka saki, ka matsa kaɗan ka saki. Kada ka tatse bakin hudar. Tatsa tana fito da ruwan nama ya tsinka jinin, tana kuma fasa jajayen ƙwayoyi. Takrolimus galibinsa a cikin jajayen ƙwayoyin yake zaune, don haka jinin da aka tsinka zai nuna ƙasa da gaskiya. Ka jira ɗigo ya taru ya yi tumbi kamar zai faɗo.

Mataki na biyar: cika na'urar

Nan kowace na'ura da halinta, kuma takardar da ta zo da taka ita ce gaba da duk abin da zan faɗa.

Mai kan soso irin Mitra: ka riƙe sandan ta gindi, kada yatsanka ya taɓa farin kan. Kan ya kalli ƙasa a karkace, ka sa bakinsa kawai ya taɓa saman ɗigon. Za ka ga ja yana hawa da kansa. Idan kan ya rine jawur ko'ina, ka ƙirga daƙiƙa biyu sannan ka janye a hankali. Kada ka nutsa shi cikin jinin har wuya, kada ka goga shi a fata, kada ka bari jini ya ɗigo masa daga sama, domin duk waɗannan suna sa ya ɗauki fiye da ma'auninsa. Idan ɗigon ya ƙare kan bai cika ba, ka tara wani nan take ka sake taɓawa. Sannan ka juya shi a haske ka duba kowane gefe. Ƙanena yakan ɗaga shi wajen taga ya ce, "Yaya, duba min bayan nan, kamar akwai fari." Sau da yawa akwai. Ɗan farin tabo a kusa da wuyan kan yana nufin jinin bai kai ba, kuma lambar za ta fito ƙasa. Idan jini ya shafi robar sandan ko ya taru kamar ƙwallo a bakin kan, ya yi yawa ke nan, a ɗauki sabo.

Katin takarda: ɗigo ɗaya cikakke a kowace da'ira. Ka bar shi ya sauka da kansa, ko ya taɓa takardar ba tare da fatar yatsa ta taɓa ba. Kada ka ɗora ɗigo a kan ɗigo don cike gurbi, domin wurin da aka ninka ya fi sauran jini, ɗakin gwaji kuma ba zai san nawa ya yanka ba. Idan da'ira ta fito ƙarama, ka bar ta haka ka wuce ta gaba. Ka juya katin ka ga ko jinin ya ratsa ta baya daidai da gaba.

Kati mai hanya a ciki irin Capitainer: a shimfiɗe a kan tebur, ka sa babban ɗigo a bakin da aka nuna. Hanyar za ta ja abin da take bukata, ta raba da ragowar. Ka jira alamar da takardar ta bayyana kafin ka motsa shi. Ƙaramin ɗigo ne babban abin da ke hana ta cika.

Na damtse irin Tasso: ka ɗumama fatar da shafa ko da ƙunshin ɗumi idan an haɗo da shi, ka goge, ka bari ta bushe, ka ɓare mannin ka liƙa a saman damtse ta waje, ka danna maɓallin sau ɗaya har ƙasa, ka saki hannun yana rataye na kimanin minti biyar ko har alamar cika ta nuna. Mutane da yawa sun fi jin daɗinta saboda ba sa ganin allura. Gashi mai yawa yana hana ta kamawa.

Da ka gama, ka danne hudar da auduga minti ɗaya ko biyu, mai shan maganin tsinka jini ya ƙara, ka sa filasta. Ka dubi agogo ka rubuta lokacin nan take. Ka kawar da na'urar gefe. Sannan ka sha maganinka na safe. Na sha ganin an shagala da shanya kati an manta da ƙwayar har rana ta take.

Tsinken da aka yi amfani da shi a jefa a kwandon allurai, ko a gora mai kauri mai murfi, nesa da yara. Ba a maimaita shi, ba a raba shi da kowa.

Mataki na shida: bushewa

Bushewa ce ke tsayar da jinin a yadda yake. Muddin da danshi, sinadaran cikinsa suna ci gaba da aiki, ƙwayoyin cuta da fumfuna suna samun wurin zama. Katin takarda yana bukatar aƙalla awa 3 a shimfiɗe, ɓangaren jinin bai taɓa komai ba, a inuwa, a zafin ɗaki. Inda iska ke da laima sosai sai a ƙara, har ya kwana. Jinin da ya bushe yakan sauya daga ja mai sheƙi zuwa ruwan ƙasa mai duhu, ba sheƙi.

Kada ka sa shi a rana, ko kusa da murhu, ko ka busa masa na'urar busar gashi, ko ka jefa shi firji yana ɗanye. Kada ka ɗora kati a kan kati. A kiyaye ƙuda da hannun yara. Wasu na'urorin an yi su ne a rufe su nan da nan a sa a leda, ƙunshin tsotse danshin ya ƙarasa aikin a ciki. Ka tabbata wanne ne naka, domin rufe katin da bai bushe ba a leda yana lalata shi. Ƙunshin nan ba shara ba ne, kada a cire shi.

Mataki na bakwai: takarda

Suna, lambar asibiti, ranar haihuwa, kwanan wata, da ƙarfe nawa da minti nawa aka ɗiba. Sai sunan maganin da irinsa, na sau biyu ne ko na sau ɗaya, miligiram nawa, da ainihin lokacin da ka sha na ƙarshe. Idan ƙarfe 9 da rabi ka sha maimakon 8, rubuta 9 da rabi. Babu wanda zai hukunta ka, kuma likita yana iya fassara lamba idan ya san gaskiyar lokacinta. Lokacin da aka gyara don a fita kunya shi ne ke sa a sauya maka magani a kan kuskure.

Ka ƙara duk abin da ya sauya tun gwajin baya. Gudawa tana ɗaga takrolimus a jini, saɓanin yadda mutane ke zato. Klaritromaisin na kashe ƙwayoyin cuta da flukonazol na kashe fumfuna suna ɗaga shi, haka ma lemon girefurut. Rifamfisin na tarin fuka da karbamazefin suna saukar da shi sosai. Maganin ganye ko na ƙarin kuzari da ka fara sha, ka rubuta shi ko da kana ganin ba kome ba ne. Amai bayan shan ƙwaya, kwanan da aka tsallake, ƙarin jini da aka yi maka, juna biyu, duk su shiga. Ka kuma duba lambar da ke jikin na'urar ta dace da ta takarda, musamman idan mutum biyu ne ke gwaji a gida ɗaya.

Mataki na takwas: aikawa

Na'ura cikin leda, a matse iska a rufe, leda da takarda cikin ambulan. Ka aika ranar ko washegari. Farkon mako ya fi, don kada ya kwana biyu a hanya ranakun hutu. Kada a bar shi a mota mai zafi. Takrolimus da yawancin magungunan farfaɗiya suna jure kwanaki a busasshen jini, amma akwai masu saurin lalacewa irin aisoniyazid na tarin fuka, shi ya sa ƙa'idar ɗakin gwajin ce abin bi. Ka ɗauki hoton na'urar da takardar kafin ka rufe, ka rubuta ranar aikawa a littafinka. Idan ranar da aka yi maka alkawari ta wuce shiru, kai ne za ka kira.

Idan sakamako ya zo

Za ka ga lambobi a intanet: karbamazefin miligiram 4 zuwa 12 a lita, fenitoyin 10 zuwa 20, balfurowet 50 zuwa 100. Waɗannan na ruwan jini ne da aka tace daga jijiya, naka kuwa cikakken jini ne daga yatsa, ɗakin gwaji ne ke juya lissafin zuwa wanda za a kwatanta. Takrolimus kuma ba shi da lamba ɗaya ta kowa, abin da ake nema a watan farko bayan dashe ya fi na bayan shekara, kuma ya danganta da gaɓar da aka dasa da sauran magungunan da kake sha. Ka tambayi likitanka iyakar da ya sa maka, ka rubuta ta. Kada ka ƙara ko ka rage ƙwaya da kanka. Idan lamba ta fito bambaraƙwai alhali kana jin lafiya, yawanci za a sake ta jijiya kafin a taɓa maganin.

Idan aka ce samfurinka bai yi ba, ka tambayi me ya same shi, bai cika ba ne, ya yi yawa ne, ko bai bushe ba, don ka san abin gyarawa.

Gwajin gida na ranakun lafiya ne. Zazzaɓi, amai ko gudawar da ta ƙi tsayawa, raguwar fitsari, kumburi, ciwo a wurin dashe, rawar jiki mai tsanani, ruɗewa, tangaɗi, ganin abu bibbiyu, ƙuraje da suka feso bayan sabon magani, ko farfaɗiya da ta ƙaru, duk waɗannan na zuwa asibiti ne a ranar, ba na jiran sakamakon gwajin gida ba. Akwai kuma gwaje-gwajen da busasshen jini ba ya iya bayarwa, kamar fotasiyam, wani gishirin jini, da ƙidayar ƙwayoyin jini. Wasu ɗakunan gwajin suna auna kiriyatinin, ma'aunin aikin ƙoda, daga ɗigo ɗaya da maganin, wanda ke rage zirga-zirga sosai, amma ranakun ganin likita suna nan yadda aka tsara. Duk ranar da za ka je, ka tafi da littafin da kake rubuta lokutan sha da na ɗiba, ka kuma karɓo sababbin kayan tun na hannunka ba su ƙare ba.